Yadda muke farautar mutum biyu a Ejura: amsa ga taubashina

Taubashi, daren jiya a dakalin ƙofar gidan Goggo a Yakasai ka jefo mini tambaya, amma ba ku bar ni na kai ƙarshen amsa ba. Ina buɗe baki na ce "matata ya ce", sai majalisa ta kwashe da dariya, aka bar zancen farauta aka koma kan Gananci. Shi ya sa na ce bari in rubuta maka kafin in kama hanya, tunda a rubuce ina da sararin tsayawa in bai wa mace "ta" ɗinta.

Cewa ka yi, wai da gaske ne mu a Gana mutum biyu ko uku ne ke shiga daji, babu ganga babu kirari, kuma su dawo ba wanda aka rotsa wa kai a kan zomo? Ka ƙara da cewa in haka ne, ai wannan zuwa itace ne. To, gaskiya ne, kuma akwai dalili.

Ka san dai asalinmu ɗaya. Kakan babana daga nan birni ya bi ayarin goro zuwa Gwanja, ya zauna a Salaga, yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa fatake, zuri'arsa ta gangaro kudu har ta tsaya a Ejura, a arewacin ƙasar Asante, bayan Mampong. Da gwamnatin Busia ta kori baƙi a 1969, gidanmu ya rabu biyu: Goggo ta biyo masu dawowa Kano, babana ya tsaya. Mu da muka tsaya, tun muna yara ake karanta mana cewa ƙasar da muke takawa tana da masu ita. An haife mu a can, takardunmu na can ne, amma gona da daji da rafi na sarkin gari ne da dangogin Asante, ɗan zango kuwa, wato mu mazauna unguwar baƙi, aro yake nomawa ko haya. Duk ladabin farautarmu daga nan ya tsiro. Wanda ke farauta a dajin aro ba ya shiga da hayaniya, kuma ba shi da wani jari da ya wuce abokin tafiyarsa, domin in wani abu ya faru shi ne kaɗai shaidarsa a gaban sarki.

Na ga taku ranar Asabar, a-kori-kura biyu shaƙe da samari da karnuka, ga gora ga barandami, maroƙi na zuga su. Abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Farautarku fage ce ta nuna jarumta, naman ma kamar hujja ce kawai. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne ƙwace, a ce karena ya kama, wani ya fi ni ƙarfi ya raba ni da abina. A wurinmu wanda ya yi haka sau ɗaya ya gama farauta, domin ba wanda zai sake ƙwanƙwasa masa ƙofa da asuba.

Namanmu ƙanana ne: gyazbi, wanda Asante ke kira akrantie, sai gafiya, zomo, kurege, makwarwa da zabon daji. Gyazbi ne sarkinsu. Ya ninka zomo nauyi, yana da tsada a kasuwa har Kumasi, kuma ɓarawon masara ne, Ejura kuwa garin masara ne. Saboda haka manomi yakan yi murna da mafarauci, in dai an yi masa sallama. Ba a tsallaka gonar mutum da bindiga ba tare da an nemi bukkarsa an gaishe shi ba, in Asante ne a tsaya daga nesa a ce "agoo" har sai ya amsa. In an samu a gonarsa, cinya tasa ce. Ba a tonon doyarsa da sunan yunwa, sai in shi ya bayar. Ranar Alhamis kuma, wadda Asante ke ware wa ƙasa ba a noma, ƙauyuka da yawa ba sa son a shiga musu daji. Mu ba mu yi imani da abin ba, amma muna zama a gida, tunda ba a kanmu aka fara ba. Gandun Kogyae da ke kusa da mu kuwa na hukuma ne, ko bakinsa mai hankali ba ya zuwa da kare.

Tsakanin abokai, magana ta farko ita ce ta mai gayya. Wanda ya ce "gobe mu fita" shi ke da tafiyar. Shi zai faɗi inda za a nufa, shi zai ce a juya. In ya gayyace ka, kai kaɗai ya gayyata. Ba ka zuwa masa da ƙaninka ko baƙonka sai ka tambaya tun da dare, domin mutum na uku yana sauya rabo, yana kuma sauya inda bakin bindiga zai iya kallo. In an ce bayan sallar asuba, to bayan sallar asuba ne, domin gyazbi da dare yake kiwo, rana na ɗagawa ya shige ciyawa.

Wadda ta fi kowace nauyi ita ce amanar wuri. In aboki ya kai ka kwarin da ya sani, wurin da ya yi shekaru yana lura da sawu da kashi da karan da aka datse, to ya buɗe maka rumbunsa ne. Ba ka komawa kai kaɗai, ba ka kai wani, ba ka ko kwatanta wurin a hira. A nan ni na taɓa faɗuwa, bari in gaya maka tunda taubashi ba ya rufa asiri ko an roƙe shi. Ina saurayi, wani dattijo abokin babana ya kai ni wani bakin rafi, muka dawo da gyazbi uku. Bayan mako biyu kuɗin aure ya matse ni, na ja wani abokina muka koma ba tare da na gaya masa ba. Mun samu biyu. Dattijon bai ce mini uffan ba. Ya ga sawunmu, ya gane takalmina, shi ke nan. Muna haɗuwa a masallaci, in gaishe shi ya amsa da fara'a, har ya tambayi mutanen gida. Rani ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, bai ƙara ce mini "gobe mu fita" ba. Sai da babana ya gane, ya sa na sayi goro na bi shi har zaure na durƙusa. Abin da ya ce kawai shi ne, da na tambaye shi da ya ce in je. Har ya rasu, Allah ya jiƙansa, mun ci gaba da fita tare, amma wancan rafin bai sake kai ni ba.

A cikin daji kuwa magana kaɗan ce. Ana tafiya a jere kafaɗa da kafaɗa, da tazarar da kowa zai iya hango hular ɗan'uwansa. In ciyawa ta raba ku, sai fito: ɗaya na nufin ga ni nan, biyu na nufin tsaya. Wanda bai ji amsar fitonsa ba ba ya harbi, ko da gyazbi ya zo ya zauna masa a kan ƙafa. Bindigoginmu yawanci masu baki ɗaya ne, harsashin kuma watsuwa yake yi, shi ya sa bakinta kullum ƙasa yake kallo, kuma a karya ta a cire harsashi in za a tsallake rafi ko za a zauna cin guzuri. Farautar dare da fitilar goshi dattawanmu ba sa so sam, domin a duhu ido biyu kawai kake gani suna ƙyalli, ba ka san na wane ne ba.

Naman da ya ɓullo ta ɓangarenka naka ne ka harba, wanda ya ɓullo ta ɓangaren abokinka nasa ne, ko da kai ka fi ganinsa sosai. Sai in ya kuskure, ko ya ce maka "ɗauka". In kuka harba tare ya faɗi, abin da za ka ji shi ne kowa na cewa "naka ne", "a'a, naka ne". Ka ga inda muka saɓa da ku. Ba wai mun fi ku kirki ba ne, taubashi, kada ka ce na zo garinku ina yabon kai. Dalilin shi ne rabon ba ya bin wanda ya harba, don haka gardamar ba ta da riba.

Kare kuma na mai shi ne. Ba ka ba karen wani umarni, ba ka daka masa tsawa, balle duka. In ya yi maka ba daidai ba, ubangidansa za ka gaya wa, shi ma a hankali, domin mafarauci ya fi jure a zagi rigarsa da a kushe karensa. A nan ne addini ke shigowa, kuma a nan zama da waɗanda ba Musulmi ba ya koya mana wani abu. Ka san hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Buhari da Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa in ya tarar da wani kare tare da nasa a kan abin farauta kada ya ci, domin a kan karensa ya yi bisimilla, bai yi a kan ɗayan ba. Abokan farautarmu Asante da Dagarti sun san wannan hukunci kamar sun zauna a gaban malam. In karnuka suka tare gyazbi, za ka ga mutum ya yi wuf ya janye nasa, yana kira "Kramo, bra", wato Musulmi, zo. Wuƙar yanka a hannunmu take, don naman ya ciwu ga kowa. Mu kuma namu ladabin shi ne kada mu jefa wa kare kayan cikin gyazbi, domin Asante da abin da ke cikin tumbinsa suke ɗaure miyar sakwara. Ni ban taɓa iya sha ba, amma ina naɗe masa a ganye in miƙa da hannu biyu.

Tarkon wani ba a taɓa shi. In ka tarar ya kama kuma dabbar na da rai, ka yanka, ka rataye a reshe inda kare ba zai kai ba, ka nemi mai shi ka gaya masa. Yawanci zai ba ka wani abu, in bai ba ka ba kuma ba ka tambaya.

Haƙar gafiya aikin gayya ne na sosai. Ɗaya na haƙa, ɗaya na tsare sauran ƙofofin ramin, kuma karɓa-karɓa ake yi, ba a barin mutum ɗaya da fartanya. Ba ka ce wa abokinka ya zura hannu a ramin da kai ba za ka zura ba, saboda maciji ma yana haya a gidan gafiya. In an yi hayaƙi, wanda ya kunna shi ke kashewa, ɗayan kuma ya tsaya ya ga an binne tokar. Wutar daji ta 1983 ta cinye gonakin koko da na abinci a Gana ta haɗu da fari, aka yi yunwar da har yau tsofaffi ke kwatance da ita, kuma tun 1990 akwai doka a kan cinna wa daji wuta. In gona ta ƙone aka ce 'yan zango ne, ba mutum biyu za a kira fada ba, Sarkin Zango za a kira.

Rabo a bakin daji ake yinsa, kafin a shigo gari. A zube komai wuri ɗaya, a fara fitar da na mai gona, a cire kuɗin harsashi ga wanda ya saya, a ba karnuka kai da ƙafafu. Babba ne ke kasawa, ƙarami ya fara ɗauka, mai kasawa ya ɗauki abin da ya rage, ka ga ba zai yi son kai ba. Wanda bai kashe komai ba kasonsa daidai yake da na kowa, domin shi ma ya ci gudun. Yaron da ya ɗauko kaya ma yana da nasa, ai an ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, to mai ɗaukar fushi bai kamata ya koma hannu rabbana ba. Abin da ya faru a daji kuma a daji yake kwana. In abokinka ya kuskure zabo a tazarar taku goma, ko ya zubar da bindiga ya ruga don ganin kububuwa, ku yi dariyarku a can ku gama. A gari in an tambaya, "mun samu" ake cewa ko "ba mu samu ba". Na san wannan ce za ta fi ba ka wuya, kai da ko tuntuɓe na yi sai Yakasai ta ji.

In da gaske kake za ka zo, kada ka zo tsakanin 1 ga Agusta da 1 ga Disamba. A lokacin ne hukumar kula da namun daji ke rufe farauta don dabbobi su hayayyafa, gyazbi kaɗai ake bari, shi ma sai da lasisi. Ka bari sai hunturu ya shiga, an cire masara, ciyawa ta kwanta. Daga Kumasi motar Ejura ba ta wuya. Barandamin ka bar shi a Kano, ka taho mini da kilishi da takalmin fata mai kauri, zan tambayi mai gayyarmu tun da dare ko zai yarda da mutum na uku.