Amsa ga Alhaji kan adireshin intanet na motoci

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, barka da yamma, na saurari muryarka. Ka ce tunda motocin yanzu suna hawa intanet, me zai hana a ɗaure adireshin kowace mota da lambar shasinta, ko ɓarawo ya ɗauke a gano ta. Wallahi na fahimci damuwarka, kuma har masana sun taɓa kawo wannan shawarar. Amma ni ban goyi baya ba.

Ka ga lambar shasi, harufa da lambobi 17 ce, ba ta canzawa har motar ta mutu. Idan aka gina adireshi a kanta, duk inda motar ta yi magana da intanet ta bar sawu iri ɗaya. Yau a ƙofar asibiti, gobe a gidan surukai, jibi banki. Mai tattara wannan sawun ba sai ya bi ka a baya ba, yana zaune zai san ƙarfe nawa kake fita, wace hanya kake bi, daren da ba ka kwana gida ba. Yadda hanyoyinmu suke yanzu, wa zai so a san masa wannan?

An riga an ga illar haka a kwamfuta. Tsarin IPv6, wato sabon tsarin ba na'urori adireshi a intanet, a farkonsa, rabin adireshin na ƙarshe daga lambar MAC ta na'urar, wato lambar da aka ba ta tun daga masana'anta, ake ciro shi, ko ka canza gari wannan rabin yana nan daram. Shi ya sa tun 2001 ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fito da adireshin wucin gadi mai sauyawa.

To mota ta fi tsanani. Waɗanda ake ƙerawa don su yi magana da juna a kan titi, suna iya shelar inda suke da gudunsu har sau 10 a daƙiƙa ɗaya, don kauce wa karo. Duk mai na'ura a bakin hanya zai ji. Maganin shi ne motar ta riƙa sauya suna kowane 'yan mintuna. Amma fa dole a sauya komai tare: MAC, adireshin IP (wato na intanet), da takardar shaidar da take sa hannu da ita a kan saƙonninta. In ka canza riga ka bar hularka, ai daga nesa za a gane ka.

Kuma ba leƙen asiri kaɗai ba ne. A 2015 a Amurka, masu bincike kan tsaron na'ura Charlie Miller da Chris Valasek suka bi ta layin kamfanin waya na Sprint suka yi kutse daga nesa cikin wata Jeep Cherokee da adireshinta, tana kan babban titi suka kunna mata rediyo da goge-gilashi, suka hana ta gudu. Fiat Chrysler, kamfanin da ya ƙera ta, sai da ya kira motoci miliyan 1.4 don gyara.

Batun sata kuwa, Alhaji, tiraka, na'urar bin sawu da ake saka wa mota, ta isa, don kai ka zaɓa da kanka. Sai dai wanda ya saka maka, ka tambaye shi layin da ke ciki da sunan wa aka yi rajistarsa, kuma ka canza kalmar sirrin a gabansa tun kafin ka bar garejin. Allah ya tsare mana hanya. Sai na ji daga gare ka.