Wi-Fi Ba Ya Kaiwa Ɗakin Ƙurya: Amsoshin Tambayoyinku Kafin Ku Kashe Kuɗi

Tambayoyin da suka taru a wannan karon kusan duk kuka ɗaya suke yi: a falo intanet na gudu, a ɗaki kuwa sai haƙuri. Mun zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidana ɗaki huɗu ne da falo, ginin bulo da siminti. A falo sigina cike yake, amma a ɗakin ƙurya sanda ɗaya ke nunawa, bidiyo sai tsayawa yake yi. An ce in sayi rauta mai eriya shida. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Wi-Fi zance ne tsakanin biyu: rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ta yi magana, wayarka ta amsa. Rauta mai ƙarfi kamar mutum ne mai babbar murya, za ka ji shi daga nesa, amma shi ba lalle ya ji ka ba, domin eriyar da ke cikin waya 'yar ƙarama ce, kuma wayar lallaɓa batirinta take yi. Shi ya sa wani lokaci za ka ga sanduna uku amma shafi ya ƙi buɗewa. Ban da haka, kowace ƙasa tana da doka kan iyakar ƙarfin da rauta za ta fitar, don haka mai tsada da mai araha ba su da wata tazara mai yawa a nan. Yawan eriya ya fi amfani wajen ɗaukar na'urori da yawa lokaci guda, ba wajen huda bango ba.

Fara da awo. Tsaya kusa da rautar ka gwada gudun intanet, in da hali da kwamfuta da kebul. Idan a nan ma gudun bai kai abin da kake biya ba, galibi laifin na kamfanin da ke ba ka intanet ne, kuma in haka ne babu abin da za ka saya ya gyara shi. Idan a nan lafiya lau ne, sauke ɗaya daga cikin manhajojin auna Wi-Fi a wayar Android, ka zaga gidan kana duba lambar dBm, wato ma'aunin ƙarfin sigina. Lambar tana da alamar ragi a gabanta, kuma ƙaramar lamba ta fi: -50 ƙarfi ne sosai, -67 ya ishe ka kiran bidiyo, -75 an fara rarrafe, -80 kusan babu. Duk raguwar 3 dB na nufin rabin ƙarfin ya tafi.

Sai wurin da rautar ke zaune, wanda shi ne ciwon yawancin gidaje. Mai haɗa intanet yakan ajiye ta inda kebul ya shigo, wato a kusurwa, rabin siginar yana tafiya waje a banza. Matso da ita tsakiyar gida, a ɗaga ta kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga ƙasa, a fili. Ba bayan talabijin ba, ba cikin kabad ba, ba gefen firji ba. Ƙarfe yana mayar da sigina baya, madubi ma haka saboda shafen ƙarfen da ke bayansa, ruwa kuma yana shanye shi, don haka tankin ruwa ko tankin kifi a tsakani asara ne.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne yadda sigina ke ratsa bangon. Ja layi miƙaƙƙe a ranka daga rautar zuwa gadon da kake kwanciya. Idan layin ya tari bango gaba da gaba, kaurin bangon kawai zai ratsa. Idan kuwa ya bi shi a karkace, bango mai kaurin santimita 20 zai iya zame masa kamar na mita guda. Sau da yawa matsar da rauta taku biyu, ta fuskanci ƙofar barandar da ke kaiwa ɗakunan, ya fi sabuwar rauta amfani. Gwada wannan, ka sake awo. Idan ɗakin har yanzu yana kan -75 ko -80, karanta amsa ta uku.

Tambaya: Rautata na nuna suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa. Wanne ya fi? Kuma me ya sa da daddare komai yake ja?

Amsa: Malama, wannan 5G ɗin ba shi ne 5G na layin waya ba, takwara ne kawai. Yana nufin zangon 5 GHz, ɗayan kuma 2.4 GHz. Na 5 ya fi gudu amma bango yana cinye shi da wuri. Na 2.4 ya fi nisa amma hanyarsa cunkushe take, domin a nan Bluetooth yake, a nan na'urar ɗumama abinci ta maikirowef ke aiki, a nan kuma rautocin maƙwabta suke. Talabijin da kwamfutar da ke kusa da rauta su hau na 5, ɗakin nesa da ƙananan na'urori irin su kyamara su zauna kan 2.4, da ma yawancinsu shi kaɗai suka sani.

Jan da kike gani da daddare yana iya zama cunkoso a wajen kamfanin intanet, yana iya zama maƙwabta ne suka dawo gida. Gwaji da kebul a daidai wannan lokacin zai raba gardama. Idan na maƙwabta ne, shiga saitin rautar ki sa faɗin tashar 2.4 a kan 20 MHz, ki zaɓi tasha ta 1, ta 6 ko ta 11, wadda manhajar awo ta nuna ta fi sarari. Waɗannan ukun ne ba sa shiga cikin juna. Zaɓen ta 3 ko ta 9 dabara ce marar riba, hayaniyar ɓangare biyu za ki kwasa. Ki duba tsaro ma: ya zama WPA2 mai AES ko WPA3. Idan yana kan tsofaffin tsarin WEP ko TKIP, rautar za ta sauko zuwa 54 Mbps komai sabuntarta.

Tambaya: Na sayi rifita na sa a ɗakin da sigina ba ya kaiwa. Yanzu sanduna sun cika, amma gudun bai ƙaru ba. An cuce ni ne, ko in koma mesh?

Amsa: Ba a cuce ka ba, ɗan'uwa, wurin ajiyar ne bai yi ba. Rifita ba ta ƙirƙirar intanet, abin da ta ji take maimaitawa. Ka ajiye ta inda ita kanta da kyar take jin rautar, sai ta riƙa maimaita maka raunanan sigina da babbar murya. Cikar sandunan tsakanin wayarka da rifitar ne kawai. Mayar da ita rabin hanya, inda awo ya nuna -60 zuwa -65.

Ko a wurin da ya dace, ka san abin da ka saya. Rifita mai rediyo ɗaya tana karɓa tana aikawa a tasha guda, bi da bi, don haka kusan rabin gudun yana tafiya. Don ɗaki ɗaya da karanta saƙonni, ta wadatar. Kada dai ka jera rifita a bayan rifita, rabin rabi za ka samu.

Mesh na'urori biyu ko uku ne da ke aiki da suna ɗaya, suna miƙa wa juna wayarka yayin da kake yawo. Ya fi rifita tsari nesa ba kusa ba, musamman irin mai zango uku, wanda yakan keɓe zango guda don maganar na'urorin a tsakaninsu. Amma shi ma ta iska yake magana, kuma bangon da ya hana rauta zai hana shi. Kada a bar fiye da bango ɗaya ko biyu tsakanin na'ura da 'yar'uwarta. Kada kuma a cika gida da su don ganin an sayi kwali mai uku, ƙaramin gida biyu sun ishe shi, ta ukun hayaniya za ta ƙara.

Shawararmu ta gaskiya ita ce kebul. Ja kebul na Cat5e ko Cat6 daga rauta zuwa ɓangaren da ke da matsala, ka sa na'ura ta biyu a can, ko ta mesh ko wadda ake rubuta wa AP a kwali, wato mai karɓar intanet ta kebul ta watsa shi ta Wi-Fi. Kebul yana kai 1,000 Mbps har tsawon mita 100, bango bai dame shi ba. Abu biyu ke ɓata wannan aikin. Na farko, matse kan kebul: wayoyi takwas ne a ciki, kuma gudun 1,000 yana buƙatar dukkansu. Ɗaya ta kuɓuce, sai haɗin ya faɗo 100 ko ya ƙi tashi gaba ɗaya, don haka a gwada da na'urar gwajin kebul kafin a rufe silin. Na biyu, kebul mai tambarin CCA, wanda alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare bakin wayar da reza, in ka ga fari ya fito, shi ne. Yana saurin karyewa, kuma bai dace da PoE ba, wato tura wa na'ura wuta ta cikin kebul ɗin intanet. Araha ba ta ado. Kada kuma a zura shi bututu ɗaya da wayar lantarki.

Tambaya: Ina da tsohuwar rauta a ajiye. Za ta iya wannan aikin?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Idan tana da zaɓin AP a saitinta, danna shi, an gama. Idan babu, ga yadda ake yi. A ce adireshin babbar rautar 192.168.1.1 ne, kuma tana raba wa na'urori adireshi masu ƙarewa da 100 zuwa 199. Mayar da tsohuwar saitin kamfani da ɗan maɓallin da ke bayanta, ka haɗa ta da kwamfuta ita kaɗai. Ba ta adireshi 192.168.1.2, ka kashe mata DHCP, wato saitin da ke raba wa na'urori adireshi. Sa mata suna da kalmar sirri da irin tsaro daidai da na babbar, amma tasha daban: idan waccan tana kan 1, wannan ta hau 11. Sannan ka soka kebul daga ramin LAN na babbar zuwa ramin LAN na tsohuwar, ramin WAN a bar shi fanko.

Wanda ya manta bai kashe DHCP ba zai ga abin mamaki: wata wayar na aiki, wata tana nuna ta haɗu amma babu intanet, domin rautoci biyu ne ke rabon adireshi. Wanda kuma ya soka a WAN zai samu intanet, amma gidan ya rabu biyu, kwamfutar ɗaki ba za ta ga firintar falo ba. Duba ramukan tsohuwar, wasu 100 Mbps ne iyakarsu. Idan kuma waya ta nace wa rautar nesa alhali kana tsaye ƙarƙashin ta kusa, rage ƙarfin 2.4 na duka biyun zuwa matsakaici, za ta fi saurin sakin ta nesa.

Tambaya: Gidan bene ne, rauta a ƙasa. Na sauya mata dogayen eriya masu 9 dBi, sai saman ya ƙara lalacewa. Me ya faru?

Amsa: Eriya ba ta ƙara ƙarfi, sauya masa siffa take yi. Eriyar da ke tsaye tana watsa sigina a kewayenta kamar zobe, ba ta kan tsininta ba. Doguwar eriya tana danne zoben ya zama faifai, ya yi nisa a gefe, ya rage sama da ƙasa. Ka ga kenan saman benen ka ƙwace wa. Mayar da na asali, ka kwantar da ɗaya a kwance ka bar ɗaya a tsaye, ka matsar da rautar bakin matattakala, inda babu kankare a sama. Idan rufin tsakanin hawa biyun kankare ne da rodi, kada ka wahalar da kanka, kowane hawa ya samu na'urarsa.

In jan kebul ya gagara, akwai 'yan na'urori biyu da ke tura intanet ta wayar lantarkin gida. Sa'a ce: wani gidan su yi kyau, wani su yi rarrafe, gwargwadon yadda aka ja wayar. A soka su kai tsaye a soket na bango, ba a ekstenshan ba, kuma soket ɗin biyu su kasance ƙarƙashin mitar wuta ɗaya. Saya inda za a yarda ka mayar.

Tambaya: A kwali an rubuta AX3000. Wato zan samu 3,000 kenan? Ko in jira in sayi Wi-Fi 7?

Amsa: A'a. Tarawa aka yi: 574 na zangon 2.4 da 2,402 na zangon 5, aka cike lissafin. Haka AC1200 yake, 300 da 867. Wayarka zango ɗaya take hawa a lokaci guda a irin wannan rautar, kuma abin da za ka gani a zahiri bai kai lambar ba ko kana tsaye kusa da rautar, sannan ba zai wuce abin da kake biya wa kamfanin intanet ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Idan rautarka Wi-Fi 4 ce, tsarin 2009, sauyawa zuwa Wi-Fi 6 zai yi amfani, musamman a gida mai na'urori da yawa. Wi-Fi 6E da yawancin na Wi-Fi 7 sun ƙara zangon 6 GHz, mai gudu da sarari, amma ya fi na 5 gajiya a gaban bango, ba kowace ƙasa ta buɗe shi ba, kuma sai wayar ma ta san shi. Mai neman nisa ba nan maganinsa yake ba.

Tambaya: Tawa rautar mai sim ce. A bakin taga intanet ya fi gudu, amma ɗakuna ba sa samu. A tsakiyar gida ɗakuna na samu, amma gudun ya faɗi. Ina zan ajiye ta?

Amsa: Hajiya, aiki biyu kika ɗora wa na'ura ɗaya: sauraron hasumiyar kamfanin waya daga waje, da raba Wi-Fi a ciki. Raba musu aikin. Bar ta a tagar da ta fi kama sabis, ki gwada tagogin ɗaya bayan ɗaya kina duba lambar RSRP, wato ma'aunin ƙarfin sabis, a shafin saitinta, inda -90 ta fi -105. Sannan a ja kebul daga raminta na LAN zuwa tsakiyar gida, a sa rauta ta biyu yadda muka bayyana a sama. Kada dai rana ta riƙa dukanta kai tsaye, domin idan ta yi zafi takan rage gudu ko ta kashe kanta ta sake tashi. Idan kuwa 'yar ƙaramar ta aljihu ce mai batir, wadda ba ta da ramin kebul, da ma don ɗaki ɗaya aka yi ta, sai a nemi ta tebur mai ramin LAN.