Mura da ciwon maƙogwaro: yaushe yaro yake buƙatar antibayotik?

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 6 ne, kuma duk lokacin hunturu sai ya yi ta fama da mura da tari da ciwon maƙogwaro. Da zarar majinarsa ta koma kore sai mai kemis ya ba mu amoksisilin. Shin hakan daidai ne?

Amsa: Malama, a mafi yawan lokuta hakan ba daidai ba ne. Mura da galibin ciwon maƙogwaro ƙwayoyin bairas ne ke haddasa su, waɗanda ire-irensu suka haura 200, amoksisilin kuwa antibayotik ne, bakteriya kaɗai yake kashewa. Korewar majina ba ta nuna cewa bakteriya ta shiga. Launin yana fitowa ne daga fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙar cutar, kuma ana ganinsa a murar da za ta warke da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. Tarin yakan daɗe fiye da haka, wani lokaci har mako 3. Yaro mai zuwa makaranta yana iya yin mura sau 6 ko fiye a shekara ba tare da hakan ya nuna rauni a jikinsa ba, sanyi da ƙurar hunturu kuma suna busar da hanci su ƙara masa wahala. Shan antibayotik ba bisa ƙa'ida ba yana jawo gudawa da ƙuraje, sannan yana sa bakteriya ta saba da maganin har ya daina aiki ranar da ake matuƙar buƙatarsa.

Abin da ya kamata a gida shi ne ki yawaita ba shi ruwa da kunu mai ɗumi, ya huta, ki ɗiga masa ruwan gishiri na hanci idan ya toshe, ki ba shi farasitamol gwargwadon nauyinsa idan akwai zazzaɓi ko ciwo. Cokali ɗaya na zuma kafin barci yana sassauta tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba. Kada a ba yara asfirin, haka kuma maganin tari mai kodin, wanda Najeriya ta haramta tun 2018. Idan zazzaɓi ya zo, a yi gwajin cizon sauro kafin a ɗora laifin a kan mura.

Inda nake so ki fi sa ido shi ne maƙogwaro. Akwai bakteriyar da ake kira sitireftokokus, wadda ta fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15, kuma alamunta sun bambanta da na mura: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, zafin haɗiya, kumburin tsokokin nan biyu na gefen maƙogwaro da farin ruwa a kansu, da kaluluwa a wuya, alhali babu tari ko yoyon hanci. Wannan kam yana buƙatar a duba shi a asibiti, a ba shi fenisilin ko amoksisilin na kwana 10 cur, ko da ya ji sauƙi a rana ta uku, domin barin ciwon babu cikakken magani yana iya jawo zazzaɓin da ke kumbura gaɓoɓi ya lalata ƙofofin zuciya. Idan kuwa aka ga wata fata mai ruwan toka ta lulluɓe maƙogwaron, wuya ya kumbura, to mashaƙo ake tsoro, irin wanda ya yi ɓarna a Kano a 2023, kuma ba a kwana da shi a gida. Kai yaro wurin wanzami a cire beli ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai ma ya ƙara haɗarin zubar jini.

Haka nan a gaggauta zuwa asibiti idan numfashi ya yi sauri ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki, domin alamar nimoniya ce, ko wuya ya sanƙare, ko kunne ya fara zubar da ruwa, ko yaron ya kasa sha. Murar da ta wuce kwana 10 babu sauƙi, ko ta lafa sannan ta dawo da zazzaɓi da ciwon fuska, tana iya nufin bakteriya ta shiga kogunan hanci. Tarin da ya kai mako 2 tare da rama ko gumin dare kuwa, a nemi gwajin tarin fuka, wanda ake yi kyauta a asibitocin gwamnati da aka ware.