Tambaya ba ridda ba ce: amsa ga ƙanenmu na Ikeja

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce abokin aikinka a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, Bayarabe, ba ya bin kowane addini, kullum yana ce maka addini kurkukun hankali ne. Ka kai wasu tambayoyinsa wurin wani malami bayan Magariba, ya ce ka yi ta'awwuzi ka kama bakinka. Yanzu kana son sanin ko addini ya hana tunani, da kuma ko ka yanke hulɗa da mutumin. Na ga yawancin 'yan uwa sun ce ka guje shi. Ni ɗan kasuwa ne da ya yi furfura a Agege, na ɗan zauna gaban malamai gwargwadon hali, kuma ra'ayina ya sha bamban da nasu.

Malamin da ya ce ka yi shiru, ina kyautata masa zato, amma bai yi maka adalci ba. A Suratul Baƙara, aya ta 260, Annabi Ibrahimu ya roƙi Allah Ya nuna masa yadda Yake rayar da matattu, ya ce don zuciyarsa ta natsu, kuma aka nuna masa. Sahabbai ma sun kai wa Manzon Allah (SAW) kukan abin da ke ɗarsuwa a zukatansu wanda suke jin nauyin furtawa, bai kore su ba. Abin da na lura da shi a masallatanmu na nan Legas shi ne, sau da yawa tsawar da ake daka wa yaro ba kishin addini ba ce, amsar ce babu, kuma faɗin "ban sani ba" ya yi wa mutum nauyi. Alhali Imamu Malik da muke bin mazhabarsa ya shahara da faɗin wannan kalma a gaban ɗalibansa.

Ko a gidanmu, ba da rufe baki aka gina ilimi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya saɓa wa malaminsa, Malam Jibrila ɗan Umaru, a kan kafirta mai aikata manyan zunubai, kuma bai daina girmama shi ba. Ya yi rubutu yana ƙalubalantar masu kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin ilimin tauhidi ba. Shehu Laminu na Borno ya aika wa Sakkwato wasiƙu yana tambayar hujjar yaƙar Musulmi, Muhammadu Bello ya amsa masa da alƙalami. Yau yaro ya yi tambayar da ba ta kai wannan zafi ba, sai a ce ya zindiƙance.

Sai dai kada ka je wa abokinka da cewa duk maganarsa ƙarya ce, zai kayar da kai, domin yana da abin kamawa. A birnin Rum an ƙone masanin falsafa Jodano Buruno a 1600 bisa hukuncin coci, an gurfanar da masanin taurari Galileyo a 1633 don ya ce duniya ce ke zagaya rana. Kada mu ce wannan na Kiristoci ne kawai. Ibnu Rushdi, alƙalin Ƙurɗuba, Bamalike, wanda har yau ake karanta Bidayatul Mujtahid ɗinsa a zaurukanmu, an kore shi daga gari a wajajen 1195, aka ƙona littattafansa na falsafa. Mu dawo kusa. A 2003 aka dakatar da allurar shan inna a Kano saboda jita-jitar cewa tana hana haihuwa. Na san mutane suna da dalilin tsoro, gwajin maganin sanƙarau na 1996 bai bar zukata ba, amma tsoron ya rikiɗe ya zama abin da ba a yarda a yi musu a kansa ba, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma yaran da suka shanye ba su suka yi wa'azin ba. Ga kisan Deborah Samuel, ɗalibar da aka zarga da ɓatanci ga Annabi (SAW), a Sakkwato a 2022, ba kotu ba alƙali. Idan ya kawo maka waɗannan, ka ce masa gaskiya ne, an yi, kuma ba daidai ba ne. Imaninka ba zai ragu da ƙwayar zarra ba.

Inda nake rabuwa da shi shi ne zatonsa cewa da an ajiye addini shi ke nan 'yanci ya samu. A shekarar 833 Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai aƙidar Mu'utazilawa cewa Alƙur'ani halitta ne. Su wane ne Mu'utazilawa? Su ne masu fifita hankali a zamaninsu. Da mulki ya jingina da su, sai ga Imamu Ahmad ɗan Hambali a kurkuku, aka yi masa bulala a zamanin Mu'utasim. A 1967 gwamnatin Albaniya ta rufe masallatai da coci-coci gaba ɗaya da sunan ci-gaba. Ashe ciwon yana wurin wanda ya riƙe sanda ya ce kowa sai ya gaskata abin da ya gaskata, ko rawani ne a kansa ko digiri ne a hannunsa.

Mu mazauna Legas ya kamata mu fi kowa gane wannan, domin a nan mu ne baƙi. Na taɓa kwana a Ikorodu lokacin bikin Oro na masu addinin gargajiyar Yarabawa, aka ce mata da baƙi kada su leƙo waje. Mai masaukina Musulmi ne, matarsa ba ta je kasuwa ba ranar, saboda abin da wasu suka yi imani da shi, ita ba ta yi ba. Ranar na ji a jikina yadda tilas take idan ba naka ne ke yin ta ba. Sannan ka tuna rigimar hijabi a makarantun gwamnatin jihar nan. Babbar kotu ta goyi bayan hanin a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa 'ya'yanmu mata haƙƙinsu a watan Yunin 2022. Da me aka ci wannan shari'a? Da sashe na 38 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa 'yancin tunani da addini. To wannan sashen dai shi ne ya ba abokinka damar cewa bai yi imani ba, har da 'yancin canza addini a cikinsa. Inuwa ɗaya muke sha da shi, in ka sare bishiyar don rana ta dake shi, kai ma ta dake ka.

Shi ya sa maganarsa ba ta ba ni mamaki ba. A ƙasar Yarabawa gida ɗaya za ka tarar da alhaji da fasto da mai bin Ifa, suna cin tuwon suna tare. Shugaba Tinubu Musulmi ne, matarsa fasto ce. Tai Solarin, wanda ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne a 1956, ya rayu yana faɗa a fili cewa bai yarda da addini ba, ya mutu a 1994, kuma akwai jami'a da ke ɗauke da sunansa a jihar Ogun. Mu kuwa a Kano, Mubarak Bala, wanda ya bar addini, shekara 24 kotu ta yanke masa a 2022 saboda rubuce-rubucensa a Facebook, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5. Ban yarda da abin da ya rubuta ba, ya ɓata wa mutane rai matuƙa. Amma ban ga wanda ɗauri ya mayar wa da imani ba, sai dai ya koya wa sauran masu shakka su ɓoye, su riƙa bin sahu da zuciya wayam. Irin waɗannan na san su a Agege da Idi-Araba, 'ya'yan manyan gidaje, ba su da wanda za su buɗe wa ciki.

Saboda haka ban ga dalilin yanke hulɗa da shi ba, in dai mutumin kirki ne a mu'amala. Ku yi sharaɗi tun farko: tambaya kowace iri ce ya yi, kai ma ka yi masa, amma ban da zagin Allah da Manzonsa, kai ma ban da kiransa ɗan wuta. In ya ƙi sharaɗin, to ba muhawara yake nema ba, sai ku tsaya a gaisuwa da ciniki. Kai ma ka riƙa tambayarsa, kada kullum ka zama mai kare gida: daga ina yake samo ma'aunin daidai da kuskure, me ya sa akwai wani abu maimakon babu? Kada ku kai zancen Facebook ko zauren WhatsApp na 'yan kasuwa, can ba a neman gaskiya, ana neman 'yan kallo ne, kuma hoton rubutu ɗaya zai iya isa garinku kafin kai. Tambayoyin da suka tsaya maka a rai ka rubuta su a takarda, ka nemi malamin da ya karanci aƙida da manɗiƙi, ba mai wa'azin lasifika kawai ba, ka same shi shi kaɗai a gida. In ka ga dama ka jero su a nan ɗaya bayan ɗaya, wadda na sani in faɗa, wadda ta fi ƙarfina in tura ka wurin wanda ya fi ni.