Kun Tambaya, Mun Amsa: Rassan Gwaji na Kiɗan Metal da Rok

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aikin gyaran waya a wani shago da ke kan titin Ahmadu Bello. Kwanan baya wani abokin aikina ya kunna mini wani kiɗa, na saurara fiye da minti goma ban ji murya ba, ban ji ganga ba, sai wani ruri mai kauri kamar na janareto. Ya ce reshe ne na kiɗan metal, kuma har tikiti ake saya a je sauraronsa. Don Allah, wannan kiɗa ne, ko kuwa hayaniya ce aka raɗa wa suna? Daga mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kiɗa ne, kuma masu yinsa da niyya suke yinsa haka. Domin ka gane inda suka dosa, sai mun koma birnin Birmingham na ƙasar Ingila, mahaifar ƙungiyar Black Sabbath, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara metal, wato reshen kiɗan rok mai nauyin amon jitar lantarki, wadda ta fitar da faifanta na farko a shekarar 1970. Makaɗin jitarsu, Tony Iommi, ya rasa kan yatsunsa biyu a wata masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17, don haka ya riƙa amfani da tsirkiyoyi masu laushi, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu domin rage zafin dannawa. Sassautawar nan ta sa amon ya yi ƙasa, ya yi kauri, ta zama ɗaya daga cikin alamomin da ake gane metal da su. Abin da masu gwaji suka yi daga baya shi ne, kowane rukuni ya ɗauki siffa guda daga wannan gado, ko nauyin amo, ko sauri, ko lissafin bugu, ya bi ta har iyakarta.

Wanda ka ji, bisa bayaninka, shi ne reshen masu dogon amo, wanda ake kira dron. Ƙungiyar Earth ta ƙasar Amurka ce ta share masa fage da wani faifai da ta fitar a 1993, sannan ƙungiyar Sunn O))), wadda aka kafa a Seattle a 1998, ta ɗora a kai. Ga yadda suke yi: makaɗi zai buga tsirkiya sau ɗaya, ya matsa da jitar kusa da lasifika, sai ƙarar da ke fitowa ta sake girgiza tsirkiyar, tsirkiyar ta sake aika sauti cikin na'ura, a haka amon zai yi ta zagayawa ba tare da ya mutu ba. Idan jita biyu suka riƙe amo biyu da ke dab da juna amma ba su daidaita sarai ba, kunne zai fara jin wani kaɗawa a tsakaninsu, yana tashi yana sauka, kuma wannan kaɗawar ita ce ta maye gurbin ganga. A zauren wasa, mai sauraro yana jin sautin a ƙirjinsa da tafin ƙafarsa kafin ya tantance shi da kunne. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da amon da ya yi ƙasa haka, saboda haka abin da ya iso kunnenka a shago ɓawon kiɗan ne kawai.

Akwai waɗanda suka bi kishiyar wannan hanya, suka zaɓi gudu da gajarta. Ƙungiyar Napalm Death ta Ingila tana da wata waƙa a faifanta na 1987 wadda ba ta kai daƙiƙa biyu ba.

Amma reshen da nake ganin kunnen Bahaushe zai fi saurin kamawa shi ne na masu lissafin bugu, kuma jagorarsa ita ce ƙungiyar Meshuggah, wadda aka kafa a garin Umeå na ƙasar Suwidin a 1987. Makaɗin gangarsu yakan riƙe bugu huɗu-huɗu da hannu, ba ya sauyawa, yayin da ƙafafunsa da masu jita suke maimaita wani salo mai tsawo dabam. Ka gwada da kanka a kan teburin shagonku: hannun dama ya riƙa faɗuwa bayan kowane ƙidaya huɗu, na hagu bayan kowane biyar. Za su fara tare, su rabu, kowane ya kama gabansa, ba za su sake haɗuwa ba sai bayan ƙidaya 20. Daɗin kiɗan yana cikin jiran wannan haɗuwar. Duk wanda ya saba tsayawa gaban makaɗan fada ko na dambe, ya ji yadda ganga ɗaya ke riƙe gindi sauran suna kai-komo a kanta, ba zai daɗe ba zai gano inda zaren yake, ko da kaurin jitarsu mai tsirkiya takwas ya firgita shi da farko.

Shawarata ita ce ka sake saurare da abin sawa a kunne mai kyau, amma kada ka ƙure ƙarar. Masana lafiyar ji sun yi gargaɗin cewa sautin da ya kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti yana cutar da kunne idan aka daɗe a cikinsa, shi ya sa masu zuwa irin wannan wasa da yawa suke toshe kunnuwansu da abin kariya.

TAMBAYA: Malam, shin akwai 'yan Afirka a cikin wannan harka, ko ta Turawa ce zalla? Daga wata ɗaliba a Barnawa.

AMSA: Akwai su, 'yar'uwa, kuma ba jiya suka fara ba. A shekarun 1970 ƙungiyoyi irin su BLO da Ofege sun yi rok a Legas, haka ma WITCH a Zambiya, ita kuwa Botsuwana tana da ƙungiyoyin metal irin su Wrust da Overthrust. A 2020 wasu matasa biyu daga Nairobi masu suna Duma sun fitar da faifai a ƙarƙashin kamfanin Nyege Nyege Tapes na Kampala, inda suka haɗa kururuwar metal da bugun na'ura mai tsananin sauri.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Mdou Moctar, Buzu daga Jamhuriyar Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da tasirin waƙoƙin Hausa na zamani a cikinsa, kuma ta katin memori na waya waƙoƙinsa suka yaɗu daga hannu zuwa hannu kafin kamfanonin waje su san da shi. A yau yana rera waƙa da harshen Tamashek a manyan dandamalin Turai da Amurka, da salon jita mai zafi wanda ya taso daga kiɗan bukukuwan aure na Agadas.

Ina son matasan da ke aiki a ɗakunan naɗar waƙa na Kaduna su lura da wani abu guda. A 2017 wata ƙungiyar rok ta Ostireliya, King Gizzard and the Lizard Wizard, sai da ta sa aka sake fasalin wuyan jitocinta domin ta samu amon da ke tsakanin amo biyu na ma'aunin Turawa. Goge da kukuma ba su da shingayen da ke raba amo a wuyansu irin na jita tun asali, kalangu kuma yana hawa da sauka gwargwadon yadda makaɗi ya matse tsarkiyarsa a hammata. Wanda ya jona kukuma da na'urar ƙara sauti, ya ba ta lokaci ta yi ruri, ya ɗora kalangu biyu masu lissafi dabam-dabam a kai, zai shiga wannan fage da kayan da ya gada, ba tare da ya sauya musu komai ba.