Muryar Anti kan wasannin shago a waya

Salamu alaikum. Ƙanwata, na ji tambayarki, wai wane wasa za ki sa a waya, irin na buɗe shago ana sallamar kwastomomi, wanda ba harbe-harbe. Ni dai abin da na fahimta, hutu kike nema bayan yara sun kwanta, ba wai kasuwanci kike son koya ba. To in haka ne, kar ki bi shawarar masu ce miki Cooking Fever. Ba wai ba shi da daɗi ba, amma agogo ne ke bin ki a guje. Nama na ƙonewa, mutum huɗu a tsaye, ɗaya ya yi fushi ya tafi. Salon Diner Dash ne na 2004, yarinyar nan Flo mai zirga-zirga tsakanin tebura. Kin wuni a tsaye a kicin, da dare kuma ki ɗora wani kicin ɗin a tafin hannu? Haba.

Ki fara da Good Pizza, Great Pizza, na shagon fiza. Shi ma akwai lokaci, kar a ce na yi ƙarya, amma ba ya tsananta miki. Daɗinsa mutanen ne. Wani zai shigo ya yi miki zance a dunƙule, sai kin yi tunani kafin ki gane me yake so a zuba masa, wani ya ce rabi da kaza rabi babu, a yanka gida shida. Har mabuƙaci kan shigo ba ko sisi ya roƙi abinci, ke za ki zaɓa ki ba shi ko ki hana.

Amma kin san abin da ke riƙe ni a wasannin nan? Kowa biya yake yi nan take. Ba mai cewa "rubuta min, ƙarshen wata." Ni da nake sayar da atamfa da turaren wuta a cikin gida, akwai wadda ta ɗauki turmi biyu tun kafin ƙaramar sallah, wai bikin ƙanwar mijinta. An yi biki, amarya ta tare, har ta haihu, wallahi ban ga kuɗina ba. Kuma in mun haɗu a suna ita ke fara gaishe ni, sanye da atamfar! Sai ta ce "Anti, ina sane fa." Sane da me? Tana cikin wani zauren da nake, ba wannan ba, kar ku fara zarge-zarge. Littafin bashina ma ya... kai, a bar maganar.

Ina muka tsaya? Yauwa. In za ki iya cire kuɗi sau ɗaya, sayi Stardew Valley, ba talla a ciki, ba ya cin data. Mutum ɗaya ne ya haɗa shi, Eric Barone, da zanen da kiɗan da komai, ya fito 2016. To shi gona ce ba shago ba, amma sana'a ce: ki shuka, ki tatsi shanu, ki sarrafa, ki sayar. Ki kula dai, a cikin wasan, shagon Pierre da ake sayen iri ba ya buɗewa ran Laraba, kuma ƙarfe biyun dare na yi za ki faɗi sumammiya duk inda kike.

Mai kwamfuta kuma ya nemi Coffee Talk, 'yan Indonesiya suka yi shi a 2020. Kina haɗa shayi da kofi, mutane na zuba miki damuwarsu, ba lissafin riba sam. Sai dai akwai karatu da yawa, in barci kike ji ba za ki kai ko'ina ba.

Wasannin kyauta masu lu'ulu'u (kuɗin cikin wasa) ɗin nan da ke cewa ki jira awa uku ko ki kalli talla, da su datata ta ƙare wancan watan. Waya ta kusa mutuwa, ki gwada na fizan tukuna ki faɗa min.