Taraktar Baba: A Gyara Ko A Sayar?

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar mana tarakta Massey Ferguson 135 da ta daɗe a yashe ƙarƙashin darbejiya. Ƙannena sun ce a kai ta Panteka a sayar da ƙarfen. Za ta tashi kuwa? — Mai karatu daga Funtuwa

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawa. An ƙera irinta daga 1964 zuwa 1975, da injin Perkins mai silinda uku, kuma ni dai ban ga inji mai jimirinsa ba.

Amma kada ka ɗaura batir ka murza makulli. Sa bakanike ya fara juya injin da sifana. In ya juya, da sauran rai. Sai a zubar da tsohon baƙin mai, a wanke tankin gas, a sauya filtoci, a duba lagireto, don ɓeraye kan gwaguye robobinsa. Kuɗin dai yana wajen injekta (mai fesa gas cikin inji) da tayoyin baya, sai ka fara tambayo farashinsu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Kuma tunda gado ce, ku zauna da magada, mata har da su, kafin ka kashe ko sisi.